Furotokol da Hausa: doka, yarjejeniya ko ƙa'ida?

Jama'a, salamu alaikum. Ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a Jami'ar André Salifou ya zo gida Birni jiya da takardunsa, yana ta haddar "furotokol, furotokol". Inna ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Kai kuma yaushe ka zama mai zaunar da baƙi?" Furotokol ɗin da ta sani shi ne mutumin nan mai kwat da ke nuna wa manya kujera ranar biki. Muka yi dariya. Da ta ce to a faɗa mata da Hausa, ni da shi muka yi tsuru-tsuru. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Ga abin da ake nufi: furotokol a kwamfuta shi ne tsarin da na'urori ke bi in za su yi magana da juna. Kafin wayarka ta karɓi ko harafi ɗaya ta hanyar da ake kira TCP, sai an yi sallama sau uku: taka ta ce ina son magana, na'urar da ke can ɗaya ɓangaren ta ce na ji ni ma a shirye nake, taka ta ce madalla. Sannan a yayyanka saƙon gunduwa-gunduwa, kowace da lamba, kamar buhunan gyaɗa da aka rubuta wa lamba a tasha aka raba wa motoci daban-daban zuwa Kano. Na 7 na iya riga na 3 isa. Mai karɓa zai jera su, in ya ga babu na 5 a sake aiko shi. IP kuma, wani furotokol da ke aiki tare da TCP, shi ke riƙe da adireshi. Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tsarin a 1974, kuma ranar 1 ga Janairun 1983 ARPANET, kakar intanet a Amurka, ta koma kansa.

To me za mu kira furotokol da Hausa? Wani malami ya rubuto cewa a ce "doka". Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba. Doka da dogari take tafiya. Nan babu mai kama ka; na'urar da ta saɓa, sauran kawai ba za su gane ta ba, ta yi ta surutu ita kaɗai. Takardun da ake rubuta waɗannan abubuwa ma, tun na farko a 1969, sunansu RFC, wato neman jin ra'ayi.

"Yarjejeniya" ta fi samun masu goyon baya, na kuma ga dalili, don ƙungiyoyi irin su IETF, masu tsara yadda intanet ke aiki, sai sun yi ta ja-in-ja kafin su tsayar da abu. Amma yarjejeniya tsakanin waɗanda suka zauna ce. Wayar da aka ƙera bana a Sin ba ta zauna da kowa ba, ta tarar da abin ne ta bi.

Wata ƙanwarmu ta ce "ladabi". Ƙanwata, kin kusa sa ni canza ra'ayi. Wanda ya taɓa shiga fadar Sarkin Damagaram ya san inda ake tuɓe takalmi, wa ke fara gaisuwa, wa ke amsawa. Abin kenan. Sai dai ladabi na zuciya ne, kwamfuta kuwa ba ta jin kunyar kowa.

Ni dai na tsaya kan "ƙa'idar zance". TCP ƙa'idar zance ce, HTTP da ake buɗe shafuka da ita ma haka. A jam'i, ƙa'idojin zance.

Akwai kuma wata kalmar, wadda Faransawa ke kira "norme", wato tsari ɗaya da kowa ke bi; ita ba ta ba mu wahala ba: ma'auni. Wani ya ce a ce "tiya" kawai, tunda a Kasuwar Dole kowa ya san rigimar da ke tashi in tiyar mai saye ta fi ta mai sayarwa. Ku tuna lokacin da ƙ da ɗ da ɓ ke isa wayar mutum sun zama akwati ko alamar tambaya. Harafin na nan cikin Unicode, ma'aunin da ke ba haruffa lamba, da lambarsa, na'urar can ce ke awo da wata tiya dabam.

Saura gaisuwar nan ta sau uku. Turawa musabaha suke ce mata. Inna ta ce ina hannun? Ta ce sallama ce, kuma ɗan yayana har ya rubuta haka a gefen takardarsa.