Ranar da koci ya janye ka daga lamba goma: gogewar 'yan wasan tsakiya a Kebbi

Mai buɗe zance, daga Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kusan duk wanda ya daɗe yana buga tsakiyar fili ya san ranar da koci zai ja shi gefe bayan atisaye ya ce masa daga yau ya bar lamba goma, wato bayan 'yan gaba, ya koma lamba huɗu a gaban masu tsaron baya, ko ma ya tura shi gefen dama ya tsare baya ɗungurungum. Misalin da kowa ya sani shi ne John Mikel Obi. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005, shi ne ke raba wa Najeriya ƙwallo, kuma shi ya zo na biyu a jerin gwanayen gasar, Lionel Messi kaɗai ke gabansa. Da ya isa Chelsea a 2006, José Mourinho ya mayar da shi mai tare hanya, ya buga wa kulob ɗin wasa 372 amma ƙwallo 6 kacal ya zura a raga. Ina roƙon waɗanda irin wannan sauyi ya same su a nan gida su faɗa mana yadda abin ya kasance da kuma inda ya kai su.

Tsohon ɗan wasa, daga Argungu

Wa alaikumus salam, Malam. Ni an mayar da ni lamba huɗu ne a lokacin da nake ganin babu mai yanka irina a garinmu, saboda haka na ɗauki abin a matsayin rage mini daraja. Dalilin da koci ya ba ni shi ne ina da tsawo, ina da numfashi, kuma ba na tsoron haɗa jiki.

Abin da ya fi ba ni wahala ba gudu ba ne, sauya yadda ido ke kallon fili ne. Lamba goma yana karɓar ƙwallo ne ya fuskanci raga, idan ta kuɓuce masa akwai mutum bakwai a bayansa da za su gyara ɓarnar. Lamba huɗu kuwa yakan karɓe ta daga hannun mai tsaron baya, ya ba raga baya, abokin hamayya na bisa wuyansa, kuma idan aka ƙwace ta a wannan wuri sai dai gola ya yi ta kansa. Dole ne mutum ya waiga hagu da dama tun kafin ƙwallon ta iso, ya riga ya yanke shawarar inda zai aika ta, sannan ya taɓa ta sau ɗaya ko sau biyu ya rabu da ita. A filayenmu na ƙasa, musamman da hunturu idan ƙasa ta bushe ta yi tauri ƙwallo na tsalle yadda ta ga dama, wannan taɓawa ta farko ita ce ke bambanta wanda ya iya da wanda bai iya ba. Sannan akwai aikin baki, domin kai ne ke ganin kowa, kai za ka ce wa lamba takwas, ɗan tsakiyar da ke haurawa gaba yana dawowa, ya dawo, ka ce wa mai tsaron gefe kada ya haura tunda ɗaya gefen ya riga ya tafi.

Ladan aikin a wurin 'yan kallo kaɗan ne. Kamar mai riƙe da gora ne a bayan kwalekwale, shi ke juya jirgin, amma idon mutanen bakin gulbi yana kan wanda ya ɗago giwan ruwa. Sai dai waɗanda muka taso tare suna buga goma duk sun riga ni ajiye takalmi, domin da saurin ƙafa ya ragu babu abin da ya rage musu, ni kuwa na ci gaba da bugawa da sanin inda ƙwallo za ta faɗo.

Wani ɗan'uwa, daga Yauri

Yaya, ina girmama maganarka, amma ni hanyata daban ce. Da aka ce in koma baya na ƙi, aka ajiye ni a benci har kakar wasa ta kusa ƙarewa, daga nan na nemi takardata na koma wata ƙungiya da ta bar ni a gurbina. Har yau ina ganin daidai na yi. Sau da yawa ba don amfanin yaro ake janye shi ba, sai don koci yana tsoron a ci shi, ya gwammace ya cika tsakiya da masu ƙarfi ya tashi canjaras. Ku dubi Rabi'u Ali na Kano Pillars, wanda ake kira Pele. Yana gurbinsa na mai kai hari daga tsakiya kulob ɗin ya ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, kuma ya ci gaba da bugawa har ya haura shekara 40 yana zura bugun tazara. Ashe ba gaskiya ba ne a ce sai lamba huɗu ke daɗewa a fili. Shi kansa Mikel, na yarda ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2012, ya ɗauki kofin Afirka a 2013, amma yaron da muka kalla a 2005 ba mu sake ganin irin wasansa ba, kuma wannan asara ce ga Najeriya.

Mai buga wa ƙungiyar unguwa, daga Jega

Ni daga lamba takwas aka mayar da ni tsaron baya ta hagu, kuma ban ji zafi ba, domin a garinmu an daina raina wannan gurbi tun da Zaidu Sanusi, ɗan Jega, ya kai Porto a 2020. Ƙwallon da ya zura wa Benfica a ƙarshen wasa a watan Mayun 2022, wadda ta tabbatar wa Porto kofin gasar Fotugal, daga wannan gurbin ya taso ya ci ta. Abin da na lura da shi kawai shi ne gudun gefe ya fi na tsakiya cin ƙafa, saboda haurawa da dawowa ne babu tsayawa.

Koci, daga Zuru

Bari in yi magana daga ɓangaren waɗanda ake zargi. Duk ranar da muka kira gwaji, idan ka tambayi yaran tsakiya gurbinsu, mafi yawansu goma za su ce, alhali mutum ɗaya ake buƙata a wurin, wani tsarin ma ba ya buƙatarsa sam. Ɗan'uwana na Yauri yana da gaskiya cewa akwai kocin da tsoro ke sa shi yin sauyi, amma ni abin da nake dubawa shi ne abin da yaro ke yi a daƙiƙun farko bayan an ƙwace mana ƙwallo. Wanda ya juyo da gudu ya toshe hanya ba tare da an yi masa tsawa ba, wannan lamba huɗu ne ko da bai sani ba.

Sauyin kuma ba kullum baya yake kai mutum ba. Wilfred Ndidi mai tsaron baya ne lokacin da ya bar Legas, a Genk ta Beljiyam aka matso da shi tsakiya, daga nan Leicester ta saye shi a farkon 2017. Maƙwabcinmu Shehu Abdullahi na Sakkwato ɗan tsakiya ne a Kano Pillars, amma a tsaron baya ta dama ya samu gurbi a tawagar da ta ci tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016, a nan kuma ya fara wasan Najeriya da Kuroshiya a gasar duniya ta 2018. Da ya dage sai tsakiya, da Mikel da Ndidi da Oghenekaro Etebo zai yi takara. Kuma ku tuna, a wannan wasa na Kuroshiya kocin Najeriya na lokacin, Gernot Rohr, ya sa Mikel a lamba goma aka ci mu 2 da nema; da ya janye shi baya a wasan Aisilan, Najeriya ta ci 2 da nema ta ƙafar Ahmed Musa. Ban ce sauyin Mikel kaɗai ya kawo nasarar ba, tunda an sauya tsarin gaba ɗaya, amma tsakiyar ta fi zama daram a ranar.

Matashin ɗan wasa, daga Kamba

Ranka ya daɗe Koci, ni a bana aka mayar da ni lamba huɗu, kuma na karɓa. Damuwata biyu ce. Ta farko katin gargaɗi ya yi mini yawa, domin duk wanda ya kuɓuce wa abokan wasana ni ne nake tare shi. Ta biyu kuma, masu nema wa 'yan wasa kulob bidiyo suke tambaya, abokaina na gaba suna da ƙwallayen da za su yanko su tura ta WhatsApp, ni kuwa aikina ba ya fitowa a ɗan gajeren bidiyo.

Koci, daga Zuru

Yarona, yawan kati alama ce ta cewa kana isa wurin a makare, sai ka rama da ƙafa. Ka rage bin ƙwallo zuwa gefe, ka tsaya tsakanin mai ƙwallo da ɗan gabansu, ka bar zamiya a ƙasa sai ta zama dole. Batun bidiyo kuwa, kada ka yanka komai. Ka sa wani ya hau wuri mai tudu ya ɗauki rabin lokaci cikakke, ya buɗe hoton yadda za a ga layin baya da na tsakiya tare, ka faɗi lambar rigarka da launinta a farko. Mai neman lamba huɗu yana son ya ga inda kake tsaye lokacin da ƙwallo ba ta wurinka. Idan ka ɗauka, ka fara turo mini in duba kafin ka aika wa kowa.