Wanda ya kalli wasa yana wanke-wanke, ya kalli wasa kuwa? (Hirar 'yan gida ɗaya, ranar Litinin 28 ga Oktoba 2024)

Na Bronx: Assalamu alaikum 'yan gida, barkanku da rana, mu nan yanzu gari ya waye. Wallahi tun Juma'a ban zauna ba. Kun san Maman Nana tana jego kuma a nan babu Inna babu Gwaggo babu 'yar maƙwabta da za a aika, wanki da girki da shara duk a wuyana suke. Amma duk da haka babu wasan da ya wuce ni a ƙarshen makon nan, kuma na fito da magana ɗaya da nake so mu tattauna: besbol, wasan Amurkawa da ake jefa ƙwallo a buga da sanda, shi ne wasan magidanci, ya fi ƙwallon ƙafa dacewa da mai iyali.

Na Bronx: Bari in ba ku labari tukuna. Daren Juma'a aka fara World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofin besbol, Yankees ɗinmu na nan unguwar Bronx a New York da Dodgers a Los Angeles, rabon da su haɗu a wannan mataki tun 1981, mu kuma rabonmu da kofin tun 2009. Ina kicin ina wanke tukwane ina dama mata kunun kanwa rediyo na kan firij. Stanton ya maka ɗaya ta faɗa cikin 'yan kallo a zagaye na 6 muka wuce gaba, suka rama a na 8, aka kai zagaye 9 ana 2-2 sai aka ƙara. A na 10 Chisholm ya kawo mana maki ya zama 3-2, saura mutum ɗaya mu fitar mu tafi gida, sai kocinmu Boone ya ce kada a jefa wa Betts na Dodgers a bar shi ya wuce kyauta, tashoshi ukun da ake zagayawa kafin a ci maki duk suka cika da mutanensu. Nan na ajiye soso na goge hannu na zo gaban talabijin. Jifa ta farko da mai jifanmu Cortes ya yi masa, Freeman ɗinsu mai ciwon idon sawu ya ɗauke ta sai cikin jama'a, maki huɗu a bugu ɗaya, 6-3, an tashi. Ba a taɓa rufe wasan World Series da irin wannan bugun ba sai ranar. Na daɗe a tsaye kafin in koma in ƙarasa kwanukan.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya raya Nana ya ba mai jego lafiya. Amma ƙanena ban yarda da kai ba ko kaɗan. Wasan da za ka iya juya masa baya kana goge tukunya har awa uku ai shi da kansa ya faɗa maka babu komai a cikinsa. Kuma ka ce babu wasan da ya wuce ka, to El Clasico na Madrid da Barcelona fa, ka kalla ko ka ji labari?

Na Bronx: Na kalla Yaya, ƙarfe uku na rana aka take a nan, ina gidan wanki na ƙasan layinmu da waya a hannu. Gaskiya zan faɗa, ƙwallaye biyun Lewandowski ban gan su kai tsaye ba. An dawo hutun rabin lokaci ana 0-0 injin ya tsaya, na ce bari in kwashe kayan jaririya in zuba a na busarwa kafin wani ya karɓe, ina dawowa na tarar 2-0. Minti na 54 da na 56. Abin ya min ciwo sosai, kuma shi ne ma tushen maganata, ƙwallon ƙafa ba ta sallama kafin ta shigo. Besbol kuwa yana gaya maka, in ka ji tashoshi sun cika an fitar da mutum biyu ka san lokacin ajiye aiki ya yi.

Autan Inna: Yaya na Bronx ka yi asara wlh, minti biyun nan su ne duniya!! Gidan kallon unguwarmu benci har ya karye. Sai Yamal a 77 sai Raphinha a 84, huɗu ba ko ɗaya a Bernabeu, wasa 42 Madrid ta yi a La Liga ba a doke ta ba saura ɗaya ta kamo tarihinmu na 43 muka je har gida muka tsayar da ita

Yaya Babba: Auta na ji, an ci mu kuma ban yi barci ba ranar, ba sai ka maimaita ba. Amma ka ga abin da nake nufi kenan. Wanda ya ga ƙwallaye huɗun kawai bai san abin da ya faru ba. Wasan a zubin farko yake, lokacin da babu ci. Flick ya turo 'yan bayansa har kusan tsakiyar fili suka tsaya a layi ɗaya kamar sahun sallah, Mbappe yana ta faɗawa tarko, sau 8 aka ɗaga masa tutar satar gida, ƙwallo biyu ya zura aka soke. Ni ina zaune ina kallon layin nan tun minti goman farko na san in Ancelotti bai canza dabara ba za a ji kunya. Wannan ba a ganinsa da ido ɗaya a waya ɗaya a injin wanki. Mai bin sakamako daban, mai kallo daban.

Maman Biyu: Yaya ka yi haƙuri zan sa baki, don maganar nan ta taɓa ni. In haka ne to mu mata ba mu taɓa kallon ƙwallo ba kenan tunda aka halicce mu. Jiya Arsenal da Liverpool biyar da rabi aka fara, daidai lokacin ɗora tuwon dare, wa zai tuƙa min? Na jingina waya a jikin galan ɗin mai ina kaɗa miyar kuka ina kallo. Saka ya ci tun minti na 9, Van Dijk ya rama da ka, Merino ya ƙara kafin hutu. Kuma ba cin kawai na gani ba, na ga babu Saliba saboda jan katin Bournemouth, na ga an fitar da Gabriel da ciwo bayan an dawo, daga baya Timber ma ya fita, tun lokacin na ce wa yara bayanmu ya zama na aro ba za mu riƙe ba, sai ga Salah a minti na 81. To Yaya ka gaya min me mai zama a benci ya gani wanda ni ban gani ba? Kuma tuwon bai yi gudaji ba.

Yaya Babba: Ke dabam ce ƙanwata, ke tun zamanin Henry kike bin Arsenal kin san wasan a ka. Ni da mai koyo nake.

Maman Biyu: A'a Yaya ba haka ka ce ba da farko. Ka ce wanda hannunsa ke aiki bai kalla ba. Kuma minti 90 ɗin da kake samu ka zauna ba ka ko motsi, wani ne yake biya maka su, Anti tana can tana fama da yara da kwanuka. Shi na Bronx ba shi da mai biya masa shi ya sa ya ga abin da mu muka daɗe da sani.

Kawu: Ku yi a hankali 'ya'yana. Ni zan ba ku nawa. Mu da muka taso da rediyo ba mu san wani abu wai zama a zuba wa akwati ido ba. A 1980 da Green Eagles suka ci Aljeriya 3-0 a Legas suka ɗauki kofin Afirka, a shago nake ina kan keken ɗinki, Odegbami ya ci biyu Muda Lawal ya ci ɗaya, har yau ina iya ba ku labarin wasan kuma ban ga ko inuwar ƙwallon ba. Kunne ma yana kallo. Sannan kai na Bronx Allah ya yi maka albarka da kake tsaye wa iyalinka, Nana A'isha da aka tambaye ta me Manzon Allah SAW yake yi a gida cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Wannan babu muhawara a kai. Inda ban bi ka ba shi ne cewa wasan sandan nan ya fi ƙwallo.

Na Bronx: Amin Kawu na gode. Kuma abin da ka faɗa na rediyo shi ne ainihin besbol a nan. Kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka, kusan kullum, ba 38 irin na Firimiya ba, babu mai aikin yi da zai zauna ya kalle su duka, direban tasi da mai shago da mai gadi duk a kunne suke bi. Akwai wani dattijo John Sterling da ya shekara sama da 30 yana yi wa Yankees sharhi, ya yi ritaya a watan Afrilu amma ya dawo saboda wasannin nan na ƙarshe yana da shekara 86, muryarsa nake ji ina aiki. Daren Asabar ina ninke kayan da na wanko aka sake cin mu 4-2, ɗan Japan ɗin nan Yamamoto ya hana mu sakat, bugu ɗaya tak muka samu a hannunsa na Soto, Judge da ya fitar da ƙwallo waje sau 58 a kakar nan ya koma kamar ba shi ba, sau 6 ana fitar da shi bai taɓa ƙwallo ba a wasa biyu. Ohtani na Dodgers ma ya gurɗe kafaɗa wajen satar tasha, filin ya yi tsit. Duk na bi, kuma kaya sun ninku, yarinya ta sha wanka.

Autan Inna: To amma Yaya ai kai ma ka ce jifa ta FARKO Freeman ya buga. Da ka tsaya ɗauraye kofi ɗaya da shi ma ya wuce ka kamar na Lewandowski. Ina sallamar take a nan

Na Bronx: Sallamar ita ce canjin mai jifa Auta. Kafin Cortes ya fito daga inda suke ɗumama jiki ya yi gwaji an kai minti biyu, kuma kowa a Bronx ya san mutumin nan tun 18 ga Satumba bai yi wasa ba saboda ciwon gwiwar hannu, ina jin sunansa gabana ya faɗi. Sannan ya fitar da Ohtani, sannan aka wuce da Betts. Sau uku aka ƙwanƙwasa min ƙofa.

Yaya Babba: To ita ɗayar fa, ƙwallon Amurkawan nan wadda suke runguma suna kokawa da hular kwano? Ita ma ta magidanta ce?

Na Bronx: Ita tsaka-tsaki ce. Tsayawa ta yi mata yawa, jaridar Wall Street Journal ta taɓa lissafawa a 2010 ta ce ainihin lokacin da ake gudu da ƙwallo wajen minti 11 ne a wasan da ke cin awa uku, ka ga akwai sararin shara da goge-goge. Amma jiya ta ba ka hujja Yaya, ba zan ɓoye ba. Washington da Chicago, Chicago na gaba 15-12 saura daƙiƙa biyu, yaron nan Jayden Daniels ya yi ta zillewa har agogo ya ƙare sannan ya wurga ta yadi 52. Wani ɗan bayan Chicago mai suna Stevenson lokacin da aka fara ya juya baya yana tsokanar 'yan kallo, ya dawo a guje a makare, hannunsa ne ya taɓa ƙwallon ta tashi ta faɗa hannun Noah Brown shi kaɗai a baya. 18-15. Ni ina riƙe da Nana a kafaɗa ina jijjiga ta na gani.

Yaya Babba: Ka ji ko! Ɗan wasa ma da ya ɗauke ido daƙiƙa kaɗan ya jawo wa ƙungiyarsa, balle ɗan kallo. Ni dai ina nan a kan bakana game da El Clasico, wasa irin wannan a bar komai a zauna. Amma maganar Maman Biyu ta tsaya min a rai tun ɗazu, ban taɓa lissafa wanda ke riƙe gida ba in na tafi gidan kallo, ranar Asabar tun magariba na fita sai sha ɗaya na dawo kuma da fushi na shigo.

Maman Biyu: Ni ban ce kar ka je ba Yaya. In ka dawo dai ka ɗauki ko ɗaya daga cikin yaran ta samu ta miƙe ƙafa. Kuma ni ban yarda da na Bronx ba cewa sai an canza wasa kafin a yi aiki, ni da Arsenal ɗina da murhuna mun saba, abin da na rasa in gani a maimaici.

Kawu: Ku dakata, yanzu nake ji a rediyo United ta kori Ten Hag, Van Nistelrooy zai riƙe kafin a samo wani. Jiya ina gyaran famfon tsakar gida na ji fenaritin da aka ba West Ham a ƙarshe Bowen ya ci 2-1, na ce wa Gwaggonku mutumin nan ba zai kai Laraba ba. Ta 14 muke a tebur.

Autan Inna: Kawu sannu, Allah ya kawo muku mai gyara. Yaya na Bronx yaushe ne wasanku na gaba, ina so in gwada da idona in ga ko da gaske yana sallama

Na Bronx: Yau da dare, kuma a nan gida Yankee Stadium, tasha kaɗan ce daga gidanmu a jirgin ƙasa mai lamba 4 amma tikiti ya fi ƙarfina kuma ba zan bar mai jego ita kaɗai ba. Takwas da 'yan mintuna a nan, ɗaya da 'yan mintuna na dare a wajenku. Wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke ɗauka, suna da biyu ba mu da ko ɗaya, in aka ci mu yau abin ya yi nisa. In ka tashi ka kira ni a bidiyo in riƙa yi maka bayani, ina da guga tuli guda.

Autan Inna: Zan sa ƙararrawa, in akwai wuta. Ni ma kayan makarantata na nan ban goge ba

Yaya Babba: Ku saka ni a kiran. Amma ni a zaune zan kalla.