Masu ɗinki a gida, ya kuke yanka kuɗin gyaran kaya?

Sabuwar tela:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Wata takwas kenan da na fara ɗinki a gida da keke na Butterfly na ƙafa, kuma gyara ya fi shigo min akan sabon ɗinki, rage ƙugu, canza zif, kalmasa ƙafar wando. To in na faɗi kuɗi sai a ce haba, ɗan wannan abin? alhali jiya kusan awa biyu na kwashe ina farke wata riga mai shafi kafin ma in ɗora ta a keke.

Tsohuwar hannu:
Wa alaikissalam ƙanwata. Ai wahalar gyara a farkewa take ba a ɗinkin ba, mai kaya kuwa layin zare ɗaya kawai take gani, ba ta san zaman da kika yi da reza kina lallaɓa yadi kar ya yage ba. Ni kafin in buɗe baki sai na juya rigar na ga cikinta, akwai shafi? an yi wibin, wato ɗinkin da ke hana bakin yadi warwarewa? telan farko ya bar sarari ko a bakin yadi ya ɗinke? Ragewa mai sauƙi ce, ƙarawa in ba sarari ki ce ba zai yiwu ba tun da wuri. Kuma ta saka a jikinta ki kafa fil a gabanta, kar ki yarda da "ki ɗan rage kaɗan", kaɗan ɗin nata ba naki bane.

Maman biyu:
Ki riƙa karɓar kafin alƙalami, ko rabi ne, ki rubuta a littafi da ranar karɓa. Ni akwai kayan da suka shekara a ɗakina masu su ko waya.

Telan maza:
Hajiya wandon jins kuma ki sa masa kuɗinsa daban, yana cin allura. Allura lamba 14 ba za ta ratsa mahaɗar nan mai kauri ba, ki nemi 16 ko 18, in kin zo wajen ki juya keken da hannu a hankali.

Sabuwar tela:
Na gode sosai. Anti to 'yan uwa da maƙwabta masu cewa a yi musu kyauta fa? su ne ma suka fi kawowa.

Tsohuwar hannu:
Hahaha wannan kam har yau fama nake. Nawa suna bin layi ne bayan na masu biya, kuma zif da zare su siyo da kansu.