Sun ba 'yan kwantiragi aikinmu, mu aka bari da amsa laifi

Baban Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora, reshen Kano, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A da, idan mota ta yi haɗari ko shago ya kama da wuta, mu ke karɓar takardu, mu je mu gani da idonmu, sai in asarar ta yi yawa a kira mai kimanta asara daga waje. Yanzu hedikwatarmu a Legas ta ba wani kamfani kwangilar karɓar ƙorafi da zuwa ɗaukar hoto da cike fom. Mu aka bari da sa hannu. Ga shi tun da NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a ƙasa, ta mayar da kuɗin inshorar mota ta dole daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, diyyar ɓarnar dukiya ta koma har Naira miliyan 3, sannan 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi kan mallakar wannan inshora a Fabrairun 2025, fayil ya ƙaru a teburinmu, amma ba a ƙara mana mutum ko ɗaya ba.

Kwanaki wani dattijo mai motar haya ya zo, an buge motarsa ta gaba. Yaron da kamfanin kwangilar ya tura ya ɗauki hoton bamba da fitila, bai buɗe bonet ba, alhali lagireto ya fashe. Lambar jikin motar ma ya rubuta ta ba daidai ba. Legas ta dawo da fayil. Dattijon nan ya zauna a gabana riƙe da rasit ɗin bakanike da rahoton 'yan sanda a cikin leda, yana cewa da motar nan yake ciyar da iyalinsa. Bai san wani kamfanin kwangila ba, ni ya sani. Da man motata na je garejin da ke Ƙofar Ruwa na sake ɗaukar hotunan. Ƙarshen wata kuma sunana ne ya fito cikin masu jinkirta fayil.

Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan? Ta ina zan ɓullo wa lamarin ba tare da na rasa aikina ba?

Ɗan Tudun Wada:
Yaya, ni ɗaya ne daga cikin yaran da kake magana a kansu, ko da yake a Kaduna nake, kuma wataƙila ba kamfani ɗaya ba ne. Wallahi ban ji haushin maganarka ba, amma ka ji tamu. A kan yawan fayil ɗin da muka rufe ake biyanmu. Kuɗin mota daga aljihuna. Ranar da na fara, waya aka miƙo mini da manhaja, aka ce in je in ɗauki hoto. Ba wanda ya taɓa nuna mini takardar yarjejeniyar inshora, ballantana in san abin da take ɗauka da wanda ba ta ɗauka. In na tsaya buɗe bonet a kowace mota, ba zan kai adadin da aka yanka mini ba, in ban kai ba a rage mini kuɗi. Ba fansho, ba asibiti, kwantiragin ma sabunta shi ake yi in an ga dama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, mai kamfaninmu yana can bai san ina Ƙofar Ruwa take ba.

Hajiya Mai Ritaya:
Baban Hanan, na yi aiki a wannan sashe har na ajiye. Ka bambanta abu biyu. Mai kimanta asara na gaske yana da lasisin NAICOM, yana sa hannu a rahotonsa, in ya yi kuskure sunansa ke ɓaci. Da su muka yi aiki shekara da shekaru lafiya lau. Wannan sabon tsari kuwa, mutum ake turowa ba horo, ba wanda zai tsaya masa.

Kada ka je wurin manaja da ɓacin rai, zai ce hassada kake yi wa yaran. Ka buɗe littafi. Duk fayil ɗin da aka dawo da shi, ka rubuta ranar, da dalilin, da wanda ya je wurin, da kwanakin da aka ɓata, da abin da ka kashe wajen gyarawa. Ka tura ta imel, ka ajiye kwafi. Mutanen Legas sun kawo tsarin ne don rage kashe kuɗi, to ka nuna musu da lissafi cewa aiki biyu ake yi a kan fayil ɗaya. In kana cikin ASSBIFI, ƙungiyar manyan ma'aikatan banki da inshora, ka sanar da wakilin reshenku, don maganar ma'aikatan wucin gadi tsohuwar magana ce a wurinsu, su da NUBIFIE, takwararta ta ƙananan ma'aikata.

Kai kuma ɗana na Tudun Wada, dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Ka tambayi wanda ya ɗauke ka.

Alhaji na Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne, ba ma'aikaci ba. Lokacin da ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022, ina cikin 'yan kaɗan ɗin da ke da inshora a layinmu. Yaron da aka turo bai jin Hausa, bai san shadda mai tsada da mai arha ba, duk ya rubuta su "yadi". Na sha zirga-zirga kafin a gyara. Maƙwabtana suna kallo, kuma har yau in na ce su yi inshora, ko da takaful ce, wato inshora irin ta Musulunci, sai su tuna mini wannan wahalar. Malam, ka faɗa wa shugabanninku, mu ba ruwanmu da wane ne ɗan kwantiragi, sunan da ke kan takardarmu shi muke riƙewa.

Baban Hanan:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, littafin zan fara shi gobe in sha Allah, da fayil ɗin dattijon nan. Ƙanena na Tudun Wada, ka turo mini lambarka ta saƙon sirri, zan rubuto maka hotunan da Legas ba ta karɓar fayil sai da su, da inda ake samun lambar jikin mota a motocin haya, ka raba wa abokan aikinka. Amma Hajiya, imel ɗin farko, in sa wakilin ƙungiya a ciki tun yanzu, ko in bari sai manaja ya amsa?