Hoton eksire na dijital ya fito tsaf, ta ina za a gane radiyeshin ya yi yawa?

Ɗalibar_Eksire: Assalamu alaikum. Zamanin fim, in mAs, wato yawan radiyeshin da na'ura ke fitarwa, ya yi yawa hoton kan yi baƙi ƙirin, nan take a gane. Yanzu kwamfuta ce ke daidaita haske da kanta. To ta ina mai ɗaukar hoto zai san ya zarce wa majiyyaci kima?

Mai_Awon_Na'ura: Wa alaikumus salam, malama. Da ido ba za ki gane ba. In an rage radiyeshin, hoton kan fito da yashi-yashi, likita ya dawo da shi. In an ƙara kuwa sai ya ƙara kyau, ba mai ƙorafi. Shi ya sa adadin radiyeshin da ake bayarwa ke ta hawa a hankali, majiyyaci kuma ke kwasa.

Ki riƙa duba lambar DI a kan kowane hoto, ita ke nuna yadda radiyeshin da ya isa farantin ɗaukar hoto ya kauce wa kimar da ake so. 0 daidai ne, +1 an zarce da kusan kashi 26 cikin 100, +3 an ninka, −3 rabin abin da ake so ne ya isa faranti. Amma fa sai an saita EI ɗin da ake nema, wato lambar radiyeshin da ya kamata ya isa faranti, ga kowane sashen jiki, in ba haka ba lambar ba ta da amfani. Kuma kada a sake hoto don kawai DI ya hau. Muddin yana karantuwa, sakewar ƙarin cutarwa ce.

Tsohon_Hannu: Gaskiya ne. Sai batun kolimeta, abin da ke taƙaita faɗin wurin da hasken eksire ke sauka, wanda ya fi damuna. A matse hasken kan wurin da ake nema tun kafin a danna. Yanke gefen hoto a kwamfuta bai cire radiyeshin ɗin da ya riga ya shiga jiki ba, ɓoye shi kawai aka yi. Buɗe fili da yawa na ƙara hasken da ke watsuwa, hoto ya dushe, har EI ta rikice.

Sashen da kaurinsa bai kai santimita 10 ba, kamar hannu ko ƙirjin jariri, a cire girid, wato ragar da ke tare hasken da ya watsu kafin ya isa faranti, domin shi ke tilasta ninka mAs. Haka nan in an ƙara kVp, wato ƙarfin da hasken ke ratsa jiki da shi, da kashi 15 cikin 100, ana iya raba mAs biyu.

Mai_Awon_Na'ura: A kula da AEC ma, wato tsarin da ke yanke radiyeshin da kansa in ma'aunansa sun nuna ya isa. Hoton ƙirji na PA, wanda hasken ke shiga ta baya ya fita ta gaba, daga nisan santimita 180, ma'aunan gefe ake zaɓa. Na tsakiya ƙashin baya ne ke tare shi, sai na'ura ta jinkirta yankewa, huhu ya sha fiye da buƙata. Ƙarfen da aka sa a ƙugu ma haka yake yi in ya hau kan ma'auni. A nan gara a saita da hannu.