Dawakan roba na gwanjo: wanki, gyaran gashi da tsatsar wutsiya

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure, shawara nake nema. An fasa dilar kayan wasan yara a Ƙofar Wambai, na tsinto 'yan dawakan roban nan masu gashi, My Little Pony, guda uku. Ɗaya fara ce mai ƙaho a goshi, gashinta shunayya, da tauraro mai ƙyalƙyali a cinya, sai dai farin ya koma ruwan ɗorawa. Ta biyu rawaya ce mai zanen furanni, gashinta fari-fari duk ya cukurkuɗe, gindin wutsiyar kuma ya yi ja. Ta uku ƙarama ce mai manyan idanu. Niyyata in jiƙa su a bilic da omo su kwana. Ya kuka gani?

Anti ta Manchester: Wa alaikumus salam. Don Allah ƙanwata ajiye bilic ɗin nan tukuna. Juya su ki duba ƙarƙashin kofato, ki faɗa mana abin da aka rubuta.

Maman Ilham: Anti, farar an rubuta 83 Hasbro, Hong Kong. Rawayar ma Hong Kong ce. Ƙaramar kuma China.

Anti ta Manchester: To kin yi tsintuwa. Manyan biyun 'yan zubin farko ne, waɗanda kamfanin Hasbro na Amurka ya fara fitarwa a farkon shekarun 1980, aka ci gaba da sayar da su a can har 1992, a Turai kuma suka ɗan ƙara shekaru. Farar mai ƙaho sunanta Glory, idan kin duba gezarta za ki ga wani layi shuɗi a cikin shunayyar. Rawayar kuma Posey ce, kuma gashinta ba fari ba ne asali, ruwan hoda ne, rana ce ta cinye shi. An san wannan launin da saurin koɗewa, shi ya sa wadda gashinta bai koɗe ba ta fi daraja a wurin masu tara su. Ƙaramar 'yar zubin 2010 ce, lokacin da aka sake musu kama gaba ɗaya, ita kam ba Ilham ta yi wasanta. A nan Ingila ana samun tsofaffin a kasuwar da mutane ke baje kayan gida a but ɗin mota ranar Lahadi, kuma yawanci a irin halin da kika samu naki suke.

Hajiya Mai Saloon: Ni gashin zan yi magana a kai, don shi ne sana'ata. Gashin tsofaffin nan nailan ne, yana da haƙuri. Ki wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa, ki ɗauraye, sannan ki laɓta masa kwandishana, kowace iri ce, mai arha ma ta isa. Ki bar ta a kai kamar rabin awa ko fiye. Sai ki ɗauki kum mai manyan haƙora ki fara daga bakin gashin kina hawa sama a hankali, kamar yadda ake taje kan yarinya bayan tsifa, hannu ɗaya yana riƙe da gindin gashin don kada ki tumɓuke shi. Wanda ya fita daga kan dokin roba ba ya sake tsirowa. Kada ki taje shi a bushe ko kaɗan, kuma kada ki shafa masa man kitso, ko basilin ko man kwakwa. Roba ba ta shan mai, zama zai yi a sama yana kwasar ƙura.

Autar Mama: Hajiya, idan bakin gashin ya ƙanƙance ya yi kaushi fa? Tawa kwandishana ba ta yi mata komai ba.

Hajiya Mai Saloon: Sai ruwan zafi, 'yata. Ki tafasa ruwa ki sauke, ki tsoma gashin kaɗai na ɗan lokaci, ki fitar ki taje, ki maimaita. Idan ya ƙi, a sa abin miƙar da gashi a mafi ƙarancin zafinsa, gashin yana jiƙe da kwandishana, kaɗan-kaɗan. A bushe narkewa zai yi. Idan kuma nannaɗe kike so, ki naɗe shi a jikin tsinken shan lemo, ki maƙale da fil ɗin gashi, ki zuba ruwan zafi sannan na sanyi, ki bari ya bushe da kansa kwana ɗaya ko biyu. Amma masu zaren ƙyalli a cikin gashi a yi nesa da su da zafi, zaren murɗewa yake yi ba ya dawowa.

Baban 'Yan Biyu: Hajiya ta gama da gashi, ni kuma jan gindin wutsiyar nan ne ya tsaya min, don shi ne babbar matsalar. Maman Ilham, tsatsa ce ta gaske. Cikin dokin rami ne, kuma abin da ke riƙe da wutsiyar daga ciki ƙarfe ne, matsi da ɗan zoben da ake kira washa. Yaran Turawa suna shiga baho da su, ruwa ya shiga ta ramukan gashi da wuya ya kwanta a ciki shekara da shekaru. Ƙarfen ya yi tsatsa, ciki ya yi fumfuna baƙa. Duk wankin da za ki yi a waje, in ba ki buɗe ba, jan zai dawo. Wannan ne ma dalilin da ya sa jiƙawar da kika yi niyya ba ta dace ba, ko da ruwa zalla ne.

Sai an cire kan. Ki ɗumama wuyan da handiraya ko ki zuba masa ruwan zafi har robar ta yi laushi, ki murɗa a hankali. Wasu kan fita nan take, wasu kuma gam ya riƙe su, sai a bi layin haɗin wuyan da sabuwar reza, yanka ƙanana, ana ja ana dubawa. Kada a yi gaggawa a nan, wuyan da ya yage ɗinkinsa wahala ne. Idan kan ya fita, ki zura dogon filaya ki jawo wutsiyar ta ciki, ta fito ta wuya. Kafin ki cire tsohon ƙarfen, ki fara ɗaure gashin tamau da igiyar roban nan da masu wayarin ke ɗaure waya da ita, in ba haka ba wutsiyar za ta watse miki a hannu. Daga nan ki yar da ƙarfen, ki goge tsatsar gashin da farin man goge baki da tsohon buroshi, ki wanke cikin jikin da sabulu da buroshin kwalbar jarirai. Wajen mayarwa, ki rataya zare a tsakiyar wutsiyar ki zura ta ramin daga waje, ko ki jawo ta daga ciki, duk wanda ya fi miki sauƙi.

Maman Ilham: Malam, na girgiza rawayar na ji wani abu yana ƙara a ciki.

Baban 'Yan Biyu: Washar ce ta saki. Ki buɗe. Kuma kada ki mayar da kan sai ciki ya bushe ƙarau. Yanzu da ake hunturu kwana biyu ya isa, da damina kuwa a ba shi har mako.

Yaya Mai Shagon Kwalliya: Maganar farar da ta yi ɗorawa, ni abin da nake yi shi ne man haidirojin feroksaid na saloon, wanda ake haɗa rinin gashi da shi, mai lamba 40. Kashi 12 cikin ɗari ke nan, don haka sai da safar hannu. A shafa a jikin, a naɗe da farar leda, a ajiye a rana, ana juyawa. Fari yake dawowa tas.

Anti ta Manchester: Yaya, yana aiki, ban musa ba, amma ina da ja. Masu wannan dabarar a nan ranarsu ba ta da ƙarfi, sai su bar abu a taga kwana da kwanaki. Ranar Kano wani abu ne daban. Man yana bushewa wuri-wuri ya bar zane-zane a jiki, wani wurin fari wani wurin ɗorawa, kuma hakan ya fi ɗorawar muni. Sannan Glory tambarinta, wato tauraron nan na cinya, ƙyalƙyali ne da aka manna a sama, abu kaɗan ke kwashe shi. Ni da tawa ce, zan rufe gashin da takardar alminiyam, in rufe idanu da tambarin da farar takarda, in fara da rana zalla ba tare da man ba, da hantsi, ina dubawa. In ta ƙi, sai in koma ruwan feroksaid mai rauni na kemis. Posey kuwa kada ta ga rana ko ta minti goma, ɗan sauran ruwan hodar da ke gindin gezarta zai tafi.

Yaya Mai Shagon Kwalliya: Na yarda da rufe tambarin, Anti. Amma rana zalla sai mutum ya tsufa yana jira.

Anti ta Manchester: Ta shekara arba'in tana ɗorawa, Yaya, mako uku ba zai kashe kowa ba.

Malama Ummu Sadik: Bari in ƙara abubuwan da za a nisanta, tunda an fara. Ruwan goge fentin farce yana share ido da tambari nan take, don fenti ne kawai a kan roba. Farin soson nan mai goge datti ba sabulu yana da kyau a jikin da ba zane, amma kankara yake yi, in ya bi ta kan tambari ko jan kumatu ya tafi da su. Sai man ƙurajen fuska mai benzoyil feroksaid da ake shafa wa 'yar tsana don cire biro. A jikin dawakan nan yana shiga cikin robar ya ci gaba da cin launi, bayan watanni sai ki ga fili ya koɗe a wurin. Zanen biro rana ce maganinsa, a rufe ko'ina a bar wurin kaɗai. Ɗige-ɗigen ruwan ƙasa masu zagaye da ke fitowa a jikin wasu kuwa a cikin robar suke, gogewa ba ta fitar da su, a haƙura.

Autar Mama: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Akwai wadda yara suka yi wa aski da almakashi, geza saura guntu. Zan iya dasa mata gashin attach na kitso?

Hajiya Mai Saloon: Zai shiga, amma ba zai kwanta ba. Na kitso ya fi kauri da kaushi, ba shi da santsin nailan, kuma zafi yana ƙanƙantar da shi. In ta wasan yara ce, ki sa abinki. In ta ajiya ce, ki nemi nailan na 'yar tsana, ana sayarwa ta intanet launi-launi.

Baban 'Yan Biyu: Abin dasawar ma ba sai an saya ba. Allura mai dogon ido za ki samu, a datse idon a karkace ya zama baki biyu, a kafa tsinin a jikin ɗan katako. Ki cire kan, ki tsige guntayen ta ciki da filaya, sai ki ɗauki siririn gashi ki rataya tsakiyarsa a bakin allurar ki tura cikin tsohon rami. Rami bayan rami har ki gama, sannan ki zuba gam ɗin yadi ta ciki ki bari ya kwana.

Anti ta Manchester: Sai dai ki sani, Auta, masu saye sun fi son gashin asali ko da ya ɗan gajarta. Wadda aka dasa wa sabo, ko aka rina mata ruwan hodar da ya koɗe, dole a faɗa wa mai saye, ɓoyewa algus ne. Ni Posey ɗin Maman Ilham ba zan rina ta ba.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, na fasa bilic. Idan na gama, in sa kowace a ledarta in ɗaure saboda ƙura?

Malama Ummu Sadik: A'a, kada ki toshe su. Robar tana ɗauke da wani sinadari mai sa ta laushi, zafi yana fito da shi, jikin ya yi danƙo, kuma a cikin ledar da ba iska abin ya fi tsananta. Haka ɗakin da kwano ke bugawa ba silin, ko bayan mota. Ki sa su a kabad mai gilashi nesa da taga, ko a kwali, ki naɗe kowace da farin ƙyallen auduga don kada launin wata ya kama wata. Wadda ta riga ta yi danƙo ki wanke ta da sabulun wanke-wanke duk lokacin da ya dawo, don yana dawowa.