Macijin gonar Aidan da abin da muka gada daga Adamu

Malamar makarantar Lahadi, Garwa:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina koyar da yara Farawa sura 3, sai wata yarinya ta tambaye ni a wace aya aka ce macijin nan Shaiɗan ne. Na bi surar aya bayan aya, ban ga sunansa ba, an dai ce maciji ya fi dukan namomin jeji wayo. Daga ina wannan fahimta ta fito, kuma shin jaririn da aka haifa jiya yana ɗauke da laifin Adamu?

Dattijon ikilisiya, Ngaundere:
'Yata, yarinyar nan ta lura da kyau. Wahayin Yahaya 12:9 da 20:2 ne suka kira tsohon macijin Iblis da Shaiɗan, kuma a kansu yawancin Kirista suka dogara. Game da gado kuwa, mu Lutheran muna bin shaidar bangaskiyarmu da aka gabatar a birnin Augsburg na Jamus a 1530, cewa kowane ɗan Adam ana haifarsa cikin zunubi, ba shi da tsoron Allah ko dogara gare shi, shi ya sa muke kawo jarirai baftisma. Tushen koyarwar yana wurin Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya yi jayayya da Pelagius, malamin da ya ce ba a gadon zunubin Adamu, har majalisar bishop-bishop ta birnin Kartaj ta ƙi ra'ayin Pelagius a 418.

Ɗalibin tauhidi, Marwa:
Baba, ina neman gafara, amma kafin Agustin akwai Ireniyus, bishop na Lyon a Faransa ta yau, a ƙarni na 2, wanda ya ɗauki Adamu da Hawwa'u kamar yaran da ba su kai ga hankalin manya ba aka yaudare su. Ikilisiyoyin Orthodox har yau suna koyar da cewa mutuwa da raunin hali muka gada, laifin kuwa na wanda ya aikata ne, kuma Ezekiyel 18:20 ya faɗa a fili cewa ɗa ba zai ɗauki laifin mahaifinsa ba. Ni a nan zuciyata ta fi kwanciya, musamman idan na tsaya gaban uwar da ta binne jariri kafin a yi masa baftisma, domin ba zan iya ce mata ɗanta mai laifi ne ba.

Katekis, Yagwa:
Mu Katolika muna da Littafin Hikima 2:24, inda aka ce ta hassadar Iblis mutuwa ta shigo duniya. Muna kuma bambanta zunubin asali, wanda hali ne da aka gada, da zunubin da mutum ya aikata da kansa. Malama, abin da nake roƙonki shi ne kada yaran su tashi suna ɗora wa Hawwa'u kaɗai laifin, kamar yadda ake yi a wa'azin wasu bukukuwan aure. Ki karanta masu Romawa 5:12 zuwa 14, su ji cewa sunan Adamu ne Bulus ya kira.